Hasken Leza a Kwanon Wankin Gwal: Nazarin Wani Aiki a Agege

Kawuna maƙerin fari ne. Tun ban san kaina ba ya baro Kano ya zauna a Agege, can kusa da layin dogo, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro. Da azurfa ya fara, zobba da awarwaro da 'yan kunne. Da kasuwa ta juya, mata suka koma neman ruwan gwal ba da kuɗin gwal ba, sai ya koyi wanki da lantarki. Shagon ɗaki ɗaya ne, taga ɗaya. Bisa benci akwai kwanonin gilashi huɗu a jere, da ƙaramin injin da ke juya wutar gida ta koma irin ta batir, da jar waya da baƙar waya masu matsewa a baki. Mace ta kawo sarƙar da ta koɗe, ya goge, ya wanke, ya tsoma, ta fito kamar ranar da aka saye ta. Ni kimiyyar sinadarai na karanta, ina aiki a ɗakin gwajin wata masana'anta a Ikeja, don haka duk abin da ya shafi ruwan kwanonin nan ni ake kira.

A ƙarshen damina wani ɗan Kaduna mai gyaran bodi, wato allon kayan lantarki na cikin inji, a kasuwar Computer Village ta Ikeja ya shigo da kwali a hannu. Bodin tsofaffin injinan ɗab'i ne, irin 'yan gwanjon da suka cika lungunan Shomolu. A gefen kowane bodi akwai jerin haƙora na ƙarfe da ke shiga soket. Tun daga masana'anta an shafe haƙoran da nikel, wani farin ƙarfe, aka ɗora gwal a sama, saboda gwal ba ya tsatsa, wuta na wucewa ta kansa ba gardama. Sai dai gwal ɗin siriri ne ƙwarai, galibi bai kai maikiron 1 ba, alhali milimita 1 maikiron 1,000 ce. Yau a zare, gobe a mayar, har ya cinye. Abin da ya rage kuma iskar Legas mai laima da gishiri ta ƙarasa shi: haƙoran suka dishe, wasu suka yi kore. Inji na tsakiyar aiki sai ya tsaya cak, a bubbuga gefensa ya tashi, an jima ya sake tsayawa. Sabon bodi sai da dala, in ma an same shi.

"Baba, za ka iya mayar musu da gwal ɗinsu?"

Kawu ya juya bodin a hasken taga, ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya ce a bar masa ya gwada.

Yadda ya saba haka ya yi. Haƙoran ba a haɗe suke da juna ba, dole kowanne a taɓa shi da siririyar waya don wuta ta isa gare shi. Sauran jikin bodin a naɗe da salatif, a bi bakin salatif ɗin da jan farce kada ruwa ya sami kafa, sannan a tsoma gefen kawai. Bodi ɗaya rabin yini. Uku sun fito lafiya. A na huɗu ruwa ya bi ta ƙarƙashin salatif ya haura har ƙafafun ƙananan kayan da ke jikin bodin, ya ci su. Kawu ya biya daga aljihunsa ba tare da ja-in-ja ba, amma abin ya tsaya masa a rai. Kwana biyu ko shayin yamma bai fita sha ba.

A nan ɗansa ya shigo maganar. Ƙanena ne, ya gama kwalejin fasaha, yana da ƙaramin injin leza a kusurwar shagon, mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, da yake rubuta sunaye a katako da fata. Ya same ni a gida bayan isha'i, ido na ƙyalli.

"Yaya, ashe ana wankin gwal da leza ba tare da salatif ba. Inda hasken ya taɓa, nan kaɗai gwal zai zauna. Ga inji muna da shi a shago."

Abin da ya karanta gaskiya ne, amma sai an koma tushen wankin kansa kafin a gane shi. A cikin kwano an narkar da gishirin ƙarfen da ake so, gwal ko jan ƙarfe ko nikel. Kayan da za a wanke yana kan baƙar waya. Da zarar wuta ta bi, ƙwayoyin ƙarfen da ke yawo a ruwa sai su manne a jikinsa su koma ƙarfe. Michael Faraday na Ingila ya tsayar da lissafin tun a shekarun 1830: yawan ƙarfen da ya zauna daidai yake da yawan wutar da ta wuce. Wuta mai ƙarfin amfiya 1 na tsawon awa 1 tana ajiye kimanin giram 1.19 na jan ƙarfe. Wutar ba ta zaɓen wuri. Duk ƙarfen da ke kan baƙar waya kuma ya taɓa ruwa, zai karɓa. Wannan shi ne dalilin salatif da jan farce.

A 1979 wasu masu bincike a cibiyar IBM da ke Yorktown Heights a jihar New York ta Amurka, cikinsu har da Robert von Gutfeld, suka nuna cewa idan aka tattara hasken leza a ɗigo guda a jikin kayan da ke cikin ruwan wanki, ƙarfe na zama a wurin da saurin da zai iya ninka na kewaye har kusan sau 1,000. Lezar iskar argon suka yi amfani da ita, mai haske tsakanin shuɗi da kore. Lokacin ya dace da buƙata, domin a watan Janairun 1980 farashin gwal ya kai dala 850 kan oza ɗaya, kamfanonin kwamfuta na neman yadda za su daina shafa gwal inda ba a buƙatarsa. Daga baya suka haɗa hasken da siririn feshin ruwan wanki, hasken na bin cikin ruwan har ya dira, suka riƙa ajiye gwal wajen maikiron 10 a daƙiƙa guda. Don a ga nisan tazarar, wankin jan ƙarfe na yau da kullum kusan rabin maikiron yake bayarwa a minti ɗaya.

Abin da na fara fahimtar da ƙanena shi ne, leza ba ta ɗauke da ƙarfe, ba ta manna komai. Zafi kawai take kawowa, a wuri ƙanƙani. A wankin yau da kullum, ruwan da ke manne da jikin kaya yana saurin talaucewa, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa sun ƙare, sababbi kuma a hankali suke isowa. Kawu ya san wannan da hannunsa, shi ya sa yake kaɗa sarƙa a cikin kwano ba ya barin ta zaune. To idan ɗigo ɗaya ya yi zafi, ruwan kansa ya taso sama, mai sanyi ya kwararo daga gefe ya maye gurbinsa, kamar yadda ruwa ke juyawa a tukunya kafin ya tafasa. Wani ɗan mitsitsin muciya ne ke tuƙi a wurin ba tsayawa. Ga shi kuma zafi na hanzarta mannewar kanta. Dabarar ita ce a rage wutar baƙar waya ƙasa sosai, har sauran jikin kayan ya zama kamar ba ya karɓar komai, wurin da haske ya ɗumama shi kaɗai ke ci.

Kawu ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce ya yarda a gwada, amma ba da ruwan gwal ɗinsa ba, kuma ba da bodin mutane ba.

Muka fara da jan ƙarfe: gishirinsa shuɗi, wato kofa salfet, da ɗan asid irin na ruwan batir. Nan sa'a ta zo mana. Lezar ƙanena shuɗiya ce, tsawon zangon haskenta wajen nanomita 450. Ruwan kofa salfet jan haske yake shanyewa ya bar shuɗi ya wuce, dalilin da ya sa ido ke ganinsa shuɗi ke nan. Saboda haka haskenmu na ratsa ruwan ya isa ƙarfe da ƙarfinsa, jan ƙarfe kuma na shan fiye da rabin shuɗin haske. Da lezar faiba ce, irin ta masu rubutu a zobe, mai nanomita 1,064 da ido ba ya gani, da ruwan ne zai sha zafin, ɗan abin da ya isa ƙasa kuma ƙarfe mai ƙyalli ya mayar da mafi yawansa.

Kafin a kunna komai na dage a kan maganar ido. Duk lezar da ta wuce rabin wat tana aji na 4, ajin da ya fi kowanne haɗari, tamu kuwa wajen wat 5 take bayarwa. Idan aka tattara wannan a ɗigo mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, ƙarfin ya kai wajen wat 50,000 a kan murabba'in santimita ɗaya, alhali ranar tsaka ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na wat a wurin. Katako da fata shanye haske suke yi. Ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashin ruwa mai motsi kuwa watso shi yake yi ta inda ba a zata ba, ƙiftawar ido kuma ba ta isa kariya ba. Muka sa kafinta ya yi akwatin katako mai murfi, muka shafe cikinsa da baƙin fenti, muka nemo tabarau na musamman na wannan launin. Gilashin rana ba ya wannan aiki. Duk lokacin gwaji a rufe ƙofa da sakata, yaron shago a aike shi.

Makon farko babu abin da ya fito. Mun sa falle mai kauri na jan ƙarfe, hasken na dira, ƙarfen na nan yadda yake. Laifin ƙarfen ne. Jan ƙarfe gwanin kwashe zafi ne: a ma'aunin masana yana wajen 400, nikel wajen 90, ƙarfen cokali da ba ya tsatsa wajen 15, gilashi wajen 1. Kafin ɗigon ya ɗumama, zafin ya bazu ko'ina. Masu binciken farko ma a kan gilashin da aka lulluɓe da siririn ƙarfe suka yi da yawa daga gwaje-gwajensu. Sai muka yanko falle na ƙarfen cokali. Shi kuma yana da wata fata da ba a gani wadda ke hana wanki kamawa, Kawu ne ya cire ta da wankin nikel mai asid na ɗan lokaci, yadda ya saba yi wa agogo. Akwai kuma ƙananan abubuwa da sai an yi ake sani. Ruwa na karya haske, inda ya tattaru a iska ba nan zai tattaru a ƙarƙashin ruwa ba, sai an ɗan ɗaga kan injin. Tururi na rufe gilashin lezar, sai da muka rage ruwan ya zama 'yan milimitoci muka ɗora siririn gilashi a kai.

Ranar da ya fito, bayan la'asar ne. Muka kashe leza, muka ɗaga murfi, muka ɗauraye fallen. A tsakiyar farin nikel ga ɗigo ja, bai kai kan allura ba, yana sheƙi. Kawu ya sa madubin aikinsa a ido, ya daɗe yana kallo. Ya kankare da farce, bai tashi ba. Ya ce, "Ikon Allah. Ya kama."

Ƙanena ya ƙara ƙarfin hasken don a yi sauri. Ɗigo na gaba ya fito da rami a tsakiya, gefensa ya taso kamar bakin tulu, launinsa ƙasa-ƙasa. Ruwan ya tafasa a wurin, tururi ya tsaya tsakanin ƙarfe da ruwa, tsakiyar ta rasa abin ci. Kawu ya murza da yatsa, ya zube kamar garin lalle. "Ya ƙone," in ji shi, kalmar da yake faɗa idan yaro ya cika wa sarƙa wuta. Tsakanin ƙarfin da bai isa ba da wanda ya yi yawa, tazarar 'yar kaɗan ce, kuma da an canza kaurin falle sai ta matsa.

Wani abu ya faru da har yau nake jin daɗin tuna shi. Mun yi wa wani falle siririn wankin jan ƙarfe gaba ɗaya, muka haska shi. Da muka buɗe akwatin sai muka tarar baƙar waya ta suɓuce tun farko, ba wutar da ta bi. Duk da haka ga ɗigo ya taso, kewaye da shi kuma wani zobe fari inda jan ƙarfen ya zaizaye har nikel ya leƙo. Ƙanena ya ɗauka kuskuren ido ne. Ba kuskure ba ne. A ruwan jan ƙarfe, wuri mai zafi da wuri mai sanyi a jikin ƙarfe ɗaya suna zama kamar ƙafafun batir biyu: mai sanyi na narkewa, mai zafi na karɓa. Fallen ya zama batirin kansa. Binciken da Puippe da Acosta da von Gutfeld suka fitar a 1981 ya yi bayanin wannan. Gani ya kori ji.

Daga nan muka ɗauko mataccen bodi don a ga yadda haƙora za su yi, har yanzu da ruwan jan ƙarfe. A nan murna ta fara raguwa. Ɗigonmu kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, haƙori kuwa faɗinsa milimita 1, tsawonsa 5. Kowane haƙori sai an bi shi layi 10, haƙora 60 gaba da baya, jimla mita 3 na tafiyar haske a hankali. Abin da ya fito kuma ba sumul ba ne. A ƙarƙashin madubi kamar kunyoyin gero yake, tudu da kwari, irin fuskar da za ta goge soket maimakon ta zauna da shi lafiya. Mafi muni, jan ƙarfen haƙorin wajen maikiron 35 ne kawai a manne kan allon roba, robar kuma tana fara laushi a wajen digiri 130 zuwa 140. Inda tururi ya taru zafin ya zarce, haƙori biyu suka kumbura suka ɗago daga jikin allo.

Ni da ƙanena muna ta shawarar rage ƙarfi da ƙara gudu, Kawu na zaune yana jan carbi. Can ya ce, "Ɗana, tsakanin haƙori da haƙori me ke akwai?"

Na ce roba ce, Kawu.

"Roba tana karɓar gwal?"

Ba ta karɓa. Tambayar nan ita ta warware aikin, kuma ya kamata a ce ni na yi ta tun ranar farko. Amfanin leza shi ne zana tsari a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe wanda ko'ina a jikinsa zai iya karɓa. Haƙoran bodi kuwa tuni an zana su, gwal ba shi da inda zai je sai kansu. Salatif ɗin Kawu ba don tsara gwal yake ba, don kare kayan bodin daga ruwa ne. Leza ba ta taɓa wannan matsala ko kaɗan ba, domin ita ma sai an tsoma. Sai na zauna na yi lissafin gwal ɗin ma. Maikiron 1 a kan murabba'in santimita 1 miligiram 1.93 ne. Haƙora 60 sun ba da murabba'in santimita 3. A kaurin maikiron 0.8, abin bai kai miligiram 5 ba. A takarda, giram ɗaya zai wanke bodi fiye da 200. Ashe ba gwal ke cinye ribar aikin ba, lokaci ne da haɗarin ruwa.

Ƙanena bai saki ba, ya ce ko sau ɗaya a gwada da gwal a gani. A nan ni da Kawu muka tsaya bakinmu ɗaya. Gishirin gwal da ake wanki da shi na sayanaid ne, sinadari mai mugun guba, kusan kashi 68 cikin 100 na gishirin gwal ne, haka kuma sana'ar take tun da Elkington suka yi rajistar dabarar a Birmingham a 1840. A cikin kwano, a zafin da aka tsara masa, yana zaune lafiya a hannun wanda ya sani. Amma mu mun ga yadda lezarmu ke tafasa ruwa a ɗigo tana tayar da tururi. Iskar guba da ke fita daga sayanaid a wajen digiri 26 take zama tururi, ƙasa da zafin ranar Legas, kuma ba kowane hanci ke jin warinta ba. Taga ɗaya gare mu, a bayanta kuma wata baiwar Allah ce ke sayar da shinkafa da wake, yara na zagaye da ita. Kawu mutum ne da ko tsohon ruwan wanki ba ya zubarwa a kwata, a jarka yake tarawa, don ya san kwatar Agege idan ruwan sama ya sauka ƙofar gidajen mutane take bi. Irin wannan dagwalon ne LASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, ke sa wa ido, amma shi tun kafin ya san da ita haka yake yi. Ya ce ba za a dafa guba a shagonsa ba, magana ta ƙare.

Abin da ya fid da mu yana cikin aljihun benci tun tuni: alƙalamin wanki, wanda Kawu ke yi wa zobe mai launi biyu ado da shi. Sanda ce mai baki naɗe da auduga, jar waya a gindinta. A tsoma bakin a ruwan wanki, a shafa inda ake so, baƙar waya na kan haƙorin. Inda auduga ta taɓa nan kaɗai ke karɓa, bodin kuma bai ga kwano ba. Ruwan alƙalamin ma na sayanaid ne, sai dai 'yan ɗigo ne kuma da sanyinsu, ga safar hannu, ga fanka. Muka tsara aikin: a goge haƙori, a cire maiƙo, a sabunta nikel, sannan gwal mai tauri a sama. Salatif layi ɗaya ya wadatar. Kawu ya gaya wa mai bodi gaskiya, cewa kaurin bai kai na masana'anta ba, a rage yawan zarewa da mayarwa. Mutumin ya karɓa, bayan wata biyu ya dawo da wani kwalin.

Lezar kuwa ta sami aikin da ya dace da ita. Ƙanena na wanke fallen ƙarfen cokali da nikel, ya sa a akwatin, injin ya bi rubutun da ya tsara a kwamfuta, haruffa su taso ja a kan fari. Na farko da ya sayar allon suna ne na wata Islamiyya a unguwar, don bikin sauka. Rubutun Larabci ne, har ɗigon harafin ba da na nun suka fito kowanne a mazauninsa, abin da jan farce ba zai taɓa iyawa ba. Yini guda ya ci, kuma dole a fesa masa man kariya, in ba haka ba iskar Legas ta baƙanta jan ƙarfen cikin 'yan makonni.

Yanzu yana neman ruwan gwal irin na salfait, wanda babu sayanaid a ciki, ko da yake na gaya masa shi wannan ba ya jure zafi sosai, yana iya zubar da gwal ɗinsa a gindin kwano. Kawu ya gindaya sharaɗi biyu: a sa fankar zuƙe iska mai bututu har saman rufi, kuma gwajin farko a yi shi da ruwan da bai wuce cikin cokalin shayi ba. An riga an auna tagar, mai walda ya ce zai kawo firam ɗin fankar ranar Asabar.